Ƙodar Wa Jiki Zai Karɓa? Yadda Gwajin Dacewa Kafin Dashe Ya Sauya

A sashen wankin ƙoda na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da zarar likita ya ambaci dashe, tunanin dangi yakan tafi wuri guda: wane ne zai bayar, kuma wane ne ya fi kusa da majinyaci a jini? Wasu sukan ɗauka in rukunin jini ya zo ɗaya an gama magana, wasu kuma su kawo takardar gwajin sikila da aka yi musu kafin aure, suna zaton ita ake nufi. Rukunin jini sharaɗi ne na farko, gwajin sikila kuwa wani fanni ne daban. Abin da ake kira gwajin dacewar jiki ya fi waɗannan zurfi, kuma a cikin shekaru saba'in ya sauya salo har sau uku ko huɗu. A fahimtata, sauyin da ya fi muhimmanci a wannan tarihi shi ne na tambayar da ake yi. Da farko masana suna tambaya ne ko mutanen nan biyu sun yi kama. Daga baya suka gane akwai tambayar da ta fi wannan gaggawa: shin jikin majinyaci ya taɓa haɗuwa da alamomin mai bayarwa, har ya tanadi makamin yaƙar su?

Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a birnin Biyana a 1901, kuma an ɗauki lokaci kafin a fahimci cewa alamomin A da B ba a kan jajayen ƙwayoyin jini kaɗai suke ba, suna nan shimfiɗe a bangon jijiyoyin jini na ƙoda da zuciya. A 1933 wani likita ɗan Yukiren, Yuri Voronoy, ya dasa wa wata mata mai rukunin O ƙodar mamaci mai rukunin B. Ƙodar ba ta yi aiki ba, matar ta rasu bayan kwana biyu. A lokacin an riga an iya ɗinke jijiya da jijiya, domin Alexis Carrel ya samu lambar Nobel a kan haka tun 1912. Hannun likitan tiyata ya ƙware, amma jiki yana ƙin baƙon sashe, ba a kuma san dalili ba.

Amsar ta fara fitowa ne daga ɓeraye da kuma masu ƙuna. Peter Gorer a Landan, a wajajen 1936, da George Snell a Amurka bayansa, sun nuna cewa akwai wasu ƙwayoyin gado da ke yanke hukuncin ko ɓera zai karɓi tsokar wani ɓera ko zai ƙi ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, Peter Medawar da Thomas Gibson suka lura da wata mata da ta ƙone a Gilasgo, wadda aka manna mata fatar ɗan'uwanta. Fatar farko ta ɗan jima kafin ta lalace, amma da aka sake manna mata fatar mutumin nan karo na biyu, sai jikinta ya ƙi ta cikin gaggawa. Wannan binciken na 1943 ya tabbatar da cewa ƙin baƙon sashe aikin garkuwar jiki ne, kuma garkuwar tana tuna wanda ta taɓa gani. Duk abin da zai biyo baya a wannan sharhi yana komawa ne ga wannan tunawa.

Dashen ƙoda na farko da ya ɗore an yi shi ne ta hanyar kauce wa matsalar gaba ɗaya. Ranar 23 ga Disamba 1954, a asibitin Peter Bent Brigham da ke Boston, Joseph Murray ya ɗauki ƙodar Ronald Herrick ya dasa wa tagwaininsa Richard. Gwajin dacewar da aka yi musu zai ba ma'aikacin ɗakin gwaji na yau mamaki: an duba zanen yatsunsu, an kuma yanki 'yar fata daga kowannensu aka manna wa ɗayan, aka jira a ga ko za ta kama. Ta kama, aka tabbatar tagwaye ne na ƙwai ɗaya. Richard ya rayu shekara takwas da ƙodar. Sai dai mutum nawa ne ke da tagwai irin wannan? Dole a nemo hanyar auna dacewa tsakanin mutanen da ba kwafin juna ba.

Alamomin da ake nema su ne waɗanda yau ake kira HLA, wasu furotin ne da ke zaune a bayan kusan kowace ƙwayar jiki. Ana iya kwatanta su da tsagar gado a fuska, wadda a da take sa a gane ɗan gida da baƙo tun daga nesa. Garkuwar jiki tana duba su ta san nata da wanda ba nata ba. Umarnin ƙera su yana kan kuromosom na 6, ɗaya daga cikin zaren gado da ke cikin ƙwayar jiki, kuma mutum yana gadon jeri guda daga uwa, jeri guda daga uba, kowane jeri a ɗaure kamar yadda yake. Ba don dashe aka halicce su ba. Aikinsu na asali, kamar yadda Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka fara bayyanawa a 1974, shi ne ɗauko gutsuren ƙwayar cuta daga cikin ƙwayar jiki su nuna wa garkuwa. Shi ya sa suka bambanta ƙwarai tsakanin mutane, domin al'ummar da alamominta suka yawaita iri-iri ba annoba ɗaya ce za ta share ta ba.

Yadda aka gano su ya shafe mu kai tsaye. A 1958 Jean Dausset a Faris ya samu cewa jinin majinyatan da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa yana ɗauke da antibodi, wato makaman garkuwa da ke yawo a ruwan jini, waɗanda ke dunƙule fararen ƙwayoyin jinin wasu mutane su bar na wasu. Alamar farko da ya gano ya kira ta MAC, ita ce HLA-A2 ta yau. A shekarar nan kuma Jon van Rood a Holan da Rose Payne a Amurka, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano irin waɗannan makamai a jinin matan da suka haihu da yawa, ko da ba a taɓa yi musu ƙarin jini ba. Dalili kuwa shi ne ɗan da ke ciki yana ɗauke da rabin alamomin mahaifinsa, jikin uwa kuma yana ganinsu baƙi. Saboda haka tun ranar farko an san hanyoyi uku da jiki ke koyon ƙin alamomin wani: ƙarin jini, juna biyu, da dashen da aka taɓa yi a baya. Shekaru da dama, ruwan jinin mata masu haihuwa da yawa shi ne kayan aikin da ɗakunan gwaji na duniya suka dogara da shi wajen tantance HLA.

Wanda ya mayar da wannan ilimi abin aiki na yau da kullum shi ne Paul Terasaki na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas. A 1964, shi da John McClelland suka fito da gwajin da ya yi mulki fiye da shekara talatin, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau. Faranti ne na roba da bai kai tafin hannu ba, mai ƙananan ramuka 60 ko 72. A kowane rami akwai ɗigon ruwan jini da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na mililita ba, an rufe shi da mai don kada ya bushe, kuma an san alamar HLA da kowane ɗigo ke kai wa hari. Ma'aikaci zai tace fararen ƙwayoyin jinin mutumin da ake gwadawa, ya ɗiga su a kowane rami, ya jira rabin sa'a, sannan ya ƙara wani sinadari da ake samu daga ruwan jinin zomo, wanda aikinsa shi ne huda duk ƙwayar da antibodi ya manne wa. Bayan kamar sa'a guda sai a zuba rini. Ƙwayar da ta mutu takan sha rinin ta kumbura ta yi duhu, mai rai kuwa ta ci gaba da ƙyalli. Ma'aikacin zai zauna gaban madubin likita yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, yana ba kowanne maki 1 ko 2 ko 4 ko 6 ko 8 gwargwadon yawan ƙwayoyin da suka mutu. Daga jerin ramukan da suka yi duhu ake karanta alamomin mutum. Ƙanƙantar ɗigon ita ce hikimar, domin ruwan jinin mace ɗaya zai iya isar dubban gwaje-gwaje, har a raba wa ɗakunan gwaji na ƙasashe daban-daban su kwatanta sakamako. Wannan kwatantawa ce aka riƙa yi a tarurrukan bita na duniya da aka fara a 1964 ƙarƙashin Bernard Amos, har a 1968 aka kafa kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai raɗa wa alamomin suna, aka daina kiran abu ɗaya da sunaye biyar.

Da wannan faranti ne kuma aka yi gwajin da nake ganin ya fi kowane ceton rai a tarihin dashe. Likitoci sun sha ganin abin tashin hankali a ɗakin tiyata: a ɗinke ƙoda, a saki jini ya shiga, ta yi ja kyakkyawa, sai cikin mintoci ta koma shuɗiya ta yi laushi a gaban idonsu. A 1966 Kissmeyer-Nielsen na Denmak ya danganta wannan da antibodi da majinyaci ke ɗauke da su tun kafin aiki. A 1969 Ramon Patel da Terasaki suka kawo alƙaluman da suka rufe gardama. Sun haɗa ruwan jinin majinyaci da ƙwayoyin mai bayarwa kai tsaye. Cikin dashe 30 da ruwan jinin ya kashe ƙwayoyin, 24 sun lalace nan take. Cikin 195 da bai kashe ba, 8 ne kawai suka lalace haka. Tun daga lokacin, gwajin haɗa jini ya zama wajibi kafin dashen ƙoda. A lura cewa wannan gwaji bai damu da ko mutanen biyu sun yi kama ba. Tambayarsa ɗaya ce: akwai makami a ajiye, ko babu?

Batun kamanni kuwa ya sha faɗi-tashi. Tsakanin 'yan'uwa shaƙiƙai amfaninsa a fili yake, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: ga kowane ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, akwai damar kashi 25 cikin 100 ya gaji jeri biyun da majinyaci ya gada, kashi 50 su yi tarayya a jeri ɗaya, kashi 25 kuma su rabu gaba ɗaya kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Uwa da uba da ɗa kullum rabi ne. A gidajenmu masu mata biyu zuwa huɗu akwai ƙarin bayani: ɗan uba damarsa rabi da rabi ce tsakanin tarayya a jeri ɗaya da rashin tarayya sam, sai fa in iyaye matan 'yan'uwan juna ne ko 'yan'uwan maigidan. Auren zumunci, wanda ke da nasa matsalolin ta fuskar cututtukan gado, a nan yakan faɗaɗa damar samun wanda ya dace cikin 'ya'yan baffa da na goggo. Amma a dashen ƙodar mamaci, inda babu dangantaka, sakamakon farko bai gamsar ba, har Terasaki da kansa ya tsaya gaban taron masana a 1970 ya ce alƙalumansa ba su nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin kamanni da ɗorewar ƙoda ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ana auna rukunonin HLA biyu ne kawai, HLA-A da HLA-B, waɗanda ba su ne A da B na rukunin jini ba. Akwai wani rukuni, wanda a lokacin ba a iya gano shi sai an haɗa ƙwayoyin mutum biyu a kwalba an jira kusan mako guda a ga ko za su yi faɗa, kuma ƙodar mamaci ba ta jiran mako. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka iya tantance wannan rukuni na DR a faranti, kuma Alan Ting da Peter Morris a Okisfod suka nuna a 1978 cewa dacewarsa ta fi ta sauran tasiri. Daga nan aka samu lissafin alamomi shida da likitoci ke faɗa wa dangi har yau: biyu na A, biyu na B, biyu na DR.

Sai magani ya zo ya sake rage wa kamanni daraja. Sikulosforin, wanda Roy Calne ya fara gwadawa a kan masu dashe a 1978 aka kuma amince da shi a Amurka a 1983, ya danne garkuwa yadda ƙodar da ba ta dace sosai ba ma takan wuce shekarar farko lafiya. A 1995 Terasaki ya wallafa nazarin da ya girgiza tsohon tunani: bayan shekara uku, kashi 85 cikin 100 na ƙodojin da miji ko mata suka ba juna suna aiki, alhali na mamata kashi 70 ne. Ƙodar mai rai mai lafiya, ko da ta bare ce, ta fi ta mamaci da aka wahalar. Wannan ba ya nufin kamanni ya zama banza. Ƙodar shaƙiƙin da ya dace ɗari bisa ɗari har yanzu ita ce ta fi daɗewa, da ƙarancin magani, kuma duk alamar da ba ta dace ba tana iya sa jiki ya ƙera sabon makami da zai wahalar da dashe na biyu. Ga matashi ɗan shekara ashirin da biyar, wanda da wuya ƙoda ɗaya ta kai shi tsufa, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

A ɓangaren tantance alamomi, juyin ya zo ne da fasahar PCR, wadda ke ninka ɗan guntun DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin gado, sau miliyoyi, kuma ta shiga ɗakunan gwaji daga tsakiyar shekarun 1980. Maimakon a tambayi ruwan jinin wata mata ko ya gane furotin, sai a karanta umarnin da ya ƙera furotin ɗin. Da aka sake gwada tsofaffin samfura da wannan hanya a farkon shekarun 1990, ƙungiyar Gerhard Opelz ta Haidalbag ta samu cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sakamakon DR da aka fitar ta faranti kuskure ne. Hanyoyin sun bi juna da sauri, daga masu gano babban rukuni kawai zuwa masu karanta harafi bayan harafi, har zuwa na'urorin yau da ke karanta ƙwayar gadon gaba ɗaya ta mutane da yawa a zama ɗaya. Abin da faranti ke kira A2 ya zama gida mai ɗaruruwan 'ya'ya, shi ya sa takardar sakamako ta yau take ɗauke da rubutu irin A*02:01 ko A*02:05, lamba ta farko babban rukuni, ta biyu takamaiman nau'i. Nau'o'in HLA da aka yi wa rajista a duniya sun haura 30,000. Wannan zurfin ya fi zama dole a dashen ɓargo, irin wanda aka fara yi wa mai sikila a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, domin a can garkuwar mai bayarwa ce ake dasawa, kuma tana iya juyowa ta yaƙi jikin da ta shiga. Hanta kuwa ta fi kowane sashe haƙuri da rashin dacewa, galibi rukunin jini da girman jiki ake dubawa.

Neman makaman da ke ɓoye shi ma ya bi irin wannan hanya. A 1983 Marvin Garovoy ya shigo da na'urar da ke tura ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, wadda ke ganin antibodi ko da bai kai ƙarfin kashe ƙwaya ba. A farkon shekarun 2000 aka zo da abin da ya sauya aikin baki ɗaya: ƙananan duwatsun roba da ido ba ya gani, kusan kala ɗari, kowace kala an lulluɓe ta da nau'in HLA guda tak. A zuba musu ruwan jinin majinyaci, na'urar Luminex ta karanta da leza biyu, ɗaya ya faɗi wane dutse ne, ɗayan ya faɗi yawan antibodin da ya manne masa. A ƙarshe likita zai samu jeri da suna: wannan majinyaci yana da makami a kan A2 da B7 da DR4, misali. In an san alamomin mai bayarwa, sai a kwatanta takardu biyu a kwamfuta ba tare da an haɗa jini ba. Ga dashen zuciya, wadda ba ta jure fiye da sa'o'i huɗu zuwa shida a wajen jiki, wannan ya buɗe damar ɗauko ta daga gari mai nisa. Daga 2009 Amurka ta koma lissafa wa kowane majinyaci kashi nawa cikin ɗari na masu bayarwa ne jikinsa zai ƙi, kuma daga Disamba 2014 ta fifita waɗanda lissafinsu ya kai 98 zuwa 100 a layin jira.

Sai dai kaifin ido ya zo da nasa ciwon kai. Faranti yana ba da amsa mai kaushi amma a fili: ƙwaya ta mutu ko ba ta mutu ba. Duwatsun suna ba da lamba ce ta ƙarfin haske, kuma har yau ɗakunan gwaji ba su haɗu a kan iyaka ɗaya ba. Wani yana ɗaukar 1,000 a matsayin haɗari, wani sai lamba ta kai dubu biyu ko uku. Wani lokaci furotin da ke kan dutsen yakan lanƙwashe wajen ƙerawa, ya nuna makamin da ba shi da illa a jiki, a hana mutum ƙodar da za ta yi masa amfani. Wani lokaci kuma makamin ya yi yawa har ya toshe gwajin, lamba ta fito ƙasa, sai an tsarma ruwan jinin ko an sa masa sinadari kafin gaskiya ta bayyana. Saboda haka na'ura ba ta kori gwani ba, ta ƙara masa nauyin hukunci ne. Masu bincike irin su Rene Duquesnoy sun ƙara matsawa gaba, suna cewa antibodi ba ya ganin furotin gaba ɗaya, 'yan gurabe ne yake kamawa a jikinsa, don haka a ƙirga waɗannan gurabe maimakon alamomi shida. Tunanin yana da ƙarfi, amma bai zama ma'aunin rabon sassan jiki a yawancin ƙasashe ba tukuna.

Akwai wani gefen tarihin da ya shafi baƙar fata musamman. Ruwan jinin da aka gina tsarin faranti da shi galibi na matan Turai da Amurka ne, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin HLA. Sakamakon haka, a zamanin faranti an fi samun gurbin da ba a iya karantawa ba a takardar baƙin mutum. Nau'in B53, wanda Adrian Hill da abokan aikinsa suka nuna a Gambiya a 1991 cewa yana da alaƙa da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ya yawaita a Yammacin Afirka amma ƙalilan ne a Turai. A Amurka, ba da maki a kan dacewar HLA-B ya riƙa tura baƙaƙe baya a layin jira, har aka cire wannan maki a 2003. Karanta DNA ya gyara matsalar tantancewa, amma duwatsu ɗari ba za su ɗauki nau'i dubu talatin ba, kuma wanda ya zaɓi ɗarin ba da Bafulatanin Dukku ko Bajarin Dass ya yi lissafi ba. A ganina wannan aiki ne da jami'o'inmu na Arewa maso Gabas ya kamata su ɗauka: tantance nau'o'in da suka yawaita a tsakanin Hausawa da Fulani da Tangale da Tera da Bolawa da Sayawa, don a san inda gwajin da aka sayo daga waje yake gani da inda yake makancewa.

A Nijeriya an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi a 2002, na Jami'ar Maiduguri a 2010. Kusan duk dashen da ake yi a ƙasar daga mai rai ne, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki. Wannan yana nufin lissafin rabon ƙodar mamata bai dame mu ba tukuna. Abin da ya dame mu shi ne mutum biyu ko uku daga dangi, da tarihin jikin majinyaci. A ɗauka ga wata uwa daga Kumo, mai haihuwa takwas, wadda aka yi wa ƙarin jini a haihuwa biyu, aka kuma ƙara mata wasu ledoji tun da ta fara wankin ƙoda. Babban ɗanta ya miƙe ya ce shi zai bayar, rukunin jininsu ɗaya. In sakamako ya fito aka ce ba zai yiwu ba, abin da za ta ce a bayyane yake: “Likita, ai ni na haife shi, wata tara yana cikina, yaya za a ce jikina ba zai karɓi nasa ba?” Amsar ita ce waɗannan watanni taran su ne dalili. A cikinsu ne jikinta ya ga rabin alamomin da yaron ya gada daga mahaifinsa, kuma in sauran 'ya'yan ma sun gaji wannan jeri, an maimaita mata darasin sau da yawa. Saboda wannan dalili ne ƙodar miji zuwa ga matar da ta haifa masa 'ya'ya, da ta ɗa zuwa ga uwa, suke buƙatar bincike mafi tsanani, ko da gwajin faranti ya fito lafiya, domin makami yana iya raguwa a jini bayan shekaru amma ƙwayoyin da suka san yadda ake ƙera shi suna nan, kuma sukan farka cikin kwanaki bayan dashe. Ƙaninta ko ƙanwarta shaƙiƙai sukan fi zama mafita. Inda babu, ƙasashe da dama suna musayar masu bayarwa tsakanin iyalai biyu, tsarin da Koriya ta Kudu ta fara a 1991, ko kuma a tace makaman daga jini kafin aiki, wanda tsadarsa da haɗarinsa sun fi yawa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne sababbin hanyoyin sun fi tsohuwar dacewa da mai nisa da ɗakin gwaji. Faranti yana buƙatar ƙwayoyi masu rai, kuma jinin da ya kwana biyu a hanya cikin zafin watan Afrilu ba zai ba da amsar da za a dogara da ita ba. DNA kuwa ba ya lalacewa da wuri, ruwan jini kuma ana daskarar da shi a aika ko'ina. Ana iya ɗibar jini a Bauchi ko Gombe a san ko ɗan'uwa ya dace kafin iyali su sayar da gona su kama hanyar Kano ko Abuja ko Indiya. Matsalar ita ce kuɗi, tunda sinadaran duka da dala ake sayo su, kuma gwajin neman makamai ba sau ɗaya ake yin sa ba. Duk ƙarin jini da aka yi bayan gwaji yana iya soke sakamakon, sai an jira makonni an sake.

A nan ne al'adarmu ta taimakon juna take buƙatar gyara kaɗan. In aka ce majinyaci yana neman jini, 'yan'uwa ne ke fara miƙa hannu, kuma wanda ya fi ƙarfi da tausayi, wato wanda gobe zai ce a ɗauki ƙodarsa, shi ne na farko a layi. In jininsa ya shiga jikin majinyacin kai tsaye, yana iya koya wa garkuwar ƙin alamominsa da kansa. An taɓa yin irin wannan ƙarin jini da gangan a wajajen 1980 da fatan jiki zai saba, sai aka ga kusan kashi uku cikin goma na majinyatan sun ƙera makami a kan mai bayarwar, dashen ya gagara. Ga mai ciwon ƙoda da ake sa ran yi wa dashe, likitoci sun fi son a gyara ƙarancin jini da allurar eritirofoyetin, mai sa jiki ya ƙera jini, da sinadarin ƙarfe gwargwadon iko, in ƙarin jini ya zama dole a yi amfani da wanda aka tace fararen ƙwayoyinsa inda akwai, kuma kada ya fito daga wanda ake tunanin zai ba da ƙoda. Ya kamata kuma a rubuta ranar kowane ƙarin jini, da adadin ciki har da wanda ya zube, a ajiye takardar tare da katin asibiti, domin waɗannan ne tambayoyin farko da mai fassara sakamakon Luminex zai yi kafin ya yanke hukunci a kan lambar da ke gabansa.